Darbejiya Bakwai da Na Sare

Aikina na farko bayan na gama karatun zanen gine-gine otal ne mai hawa uku, a wani fili kusa da hanyar Baga. A lokacin kaina ya fi hulata girma. Mai otal ɗin, wani Alhaji ɗan kasuwar kifi, ya ce yana son ginin da kowa zai waiwaya ya kalla. Na zana masa fuska ta gilashi tun daga ƙasa har sama, tana kallon yamma.

Akwai darbejiya bakwai a jere a gaban filin, kuma a zanena wurin ajiye motoci ne a nan.

Shugaban magina wani dattijo ne Babarbare, aminin mahaifina tun suna samari a unguwar Mafoni. Shi ya yi mini hanya na samu aikin ma. Ranar da na shimfiɗa takardar a kan bulo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga kai ya kalli bishiyoyin.

"Ɗana, ranar Maiduguri daga yamma take dukan gida. Waɗannan su ne garkuwarka. Ja ginin baya kaɗan, ka rage tagogin, ka bar su."

Da ni da shi kaɗai ne, wataƙila da na ji. Amma leburori na tsaye, Alhaji ma na tsaye. Na yi dariya na ce, "Baba, ai ba ɗakin laka muke ginawa ba. Akwai esi a kowane ɗaki."

Leburori suka kwashe da dariya. Dattijon ya naɗe igiyar awonsa, ya sa a aljihu, ya ce shi hannunsa ba zai taɓa bishiyoyin ba. Washegari bai zo ba. Na kira masu injin yanka, kafin la'asar bakwai ɗin suna kwance.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar buɗewa. Saboda 'yan farantan sola da na jera a kan rufi, aka ba ni abin magana, na yi ta zuba a kan kare muhalli. Tayil ɗin da nake tsaye a kansa, kututture ne a ƙarƙashinsa. Na sani, kuma na ci gaba da magana.

Bazara ta farko ta tona mini asiri. Wutar gari ta ɗauke ta daɗe, solar ba ta iya ɗaukar esi, janareto na gurnani yini guda yana feso hayaƙi. Daga azahar ɗakunan yamma sai su zama tanda. Baƙi suka riƙa ɗaukar kujeru suna tsallaka titi, su zauna a inuwar mai shayi. Alhaji ya kira ni, ya nuna mini su ta gilashin da na zana, ya ce in san yadda zan yi.

Na yi mako biyu ina kewaye-kewaye kafin na hau keke zuwa unguwar Gamboru, inda dattijon ya koma. Na same shi a ƙofar gida, a kan tabarma, ƙarƙashin wata 'yar darbejiya da inuwarta ba ta wuce ta mutum ɗaya ba. Na durƙusa na gaishe shi. Duk jawabin da na haddace a hanya ya gudu.

"Baba, otal ɗin nan…"

"Na ji," ya ce. "A dasa wasu. Sai dai za su daɗe kafin su kai hawa na uku. Ni dai ba zan gani ba."

Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ya dubi gumin da ke zuba a wuyana, ya ja jiki a hankali ya koma cikin rana, ya buga tabarmar da tafin hannu.

"Matso nan, ɗana. Zafi zai yi maka illa."