Hoton Kan Yaron da Tafiyata Argungu

Lokacin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Sakkwato, gwamnatin jiha ta tura ɗana na fari karatu ƙasar Turawa. Ba na kama sunansa, ba na kuma yabonsa gaban mutane. Haka na taras iyayena suna yi da ɗan fari, haka na yi. Yaron nake ce masa har ya tara gemu.

Da ya zo hutu, ya zo da wasu baƙaƙen ledoji masu kauri cikin jakarsa. In an ɗaga ɗaya a rana sai a ga cikin kan mutum daga gefe, kamar an raba kabewa biyu. Ɗayar kuma gadon baya ne, ƙashi bisa ƙashi, da laka a tsakiya. Ya ce nasa ne. Inda yake karatu akwai na'ura mai maganaɗisu, ana raba mutum da duk wani ƙarfe, ko maɓallin riga, ya kwanta a tura shi ciki, ta yi ta bugawa kamar mata na sussuka, sai hoto ya fito. Ba yanka, ba allura. Ciwon ƙwaƙwalwa da na laka suke bincike, kuma sai sun ga na mai lafiya kafin su gane na marar lafiya. Shi ne ya miƙa kansa.

Na ce ya sa su ƙasan akwati. Ya ce to, Inna. Da la'asar na leƙa ta zaure na hango su a ƙofar gidanmu na Nassarawa suna yawo hannu hannu tsakanin abokansa, har da wani mai fataucin albasa daga Augie da ban taɓa yarda da bakinsa ba.

A lokacin an riga an kai kayansa na neman aure gidan wasu masunta a Argungu, sa rana kawai ya rage. Yarinyar tana sonsa, shi ma ya rame a kanta. Ba a jima ba saƙo ya iso cewa a dakata. Sun ji an sa kan yaron cikin inji, kuma a saninsu ba a ɗaukar hoton kan mai lafiya. Wai taɓuwa gare shi muke ɓoyewa.

Mahaifinsa ya riga ya rasu. Ƙanen mahaifin ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Uwa ba ta shiga maganar auren ɗan fari, na sani sarai. Na yafa mayafina, na ce yaron ya ɗauko ledojinsa, muka hau mota.

Kakar yarinyar ce mai yanke magana a gidan. Na karɓi ledojin, na bar yaron a zaure na shiga, na ishe ta tana gyaran kifi a inuwa.

"Maraba da mutanen Birni. Ke da kanki? Ina mazanku?"

"Suna can suna haƙuri, Hajiya. Ni ban iya shi ba."

"To zauna. An ce muna an tura kan ɗanki cikin inji. Mi yas same shi?"

"Son a sani yas same shi. Hajiya, surukanki nawa kika taɓa leƙa cikin kansu kahin ki ba su ɗiya?"

Ta ajiye wuƙa ta yi dariya har da tari. "Da na leƙa na wancan da yas sai da kwalekwale nai yas sawo rediyo, wallahi da bai samu ba."

Na miƙa mata ledar kan. Ta goge hannu a zani ta ɗaga ta rana, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Sannan ta ɗaga murya wajen zaure, da wasan da kaka ke yi da mai neman jikarta.

"Kai, mijina na Turai, shigo in gan ka!"

Ya shigo ya durƙusa nesa da tabarma, ya gaishe ta.

"Nuna min inda hankali yake cikin wanga abu."

Na ji tsoron ya kama dogon bayani, don halinsa ne. Ya ce, "Kaka, wannan ba mu sani ba tukuna. Sura kawai muke gani. In akwai kumburi ko ƙari, ko wani abu ya danne laka, za mu gan shi."

"Ba ku sani ba, kuma ka hwaɗa da bakinka." Ta dube ni. "Masu taɓuwar da nas sani, ba abin da ba su sani ba."

Sai ta ɗauki ta gadon bayan, ta janyo ƙashin giwan ruwa daga kwano ta jera su, ta ce ashe duk abu guda ne. Nan ta manta da abin da ya kawo mu. Ɗanta, mahaifin yarinyar, ya daɗe da ciwon baya daga jan koma, ƙafarsa ɗaya tana mutuwa, an yi masa tsaga an yi ƙaho ba sauƙi. Yaron ya sa yatsa ƙasan hoton ya nuna mata inda jijiyar ƙafa ke fitowa, ya ce a daina tsagar, a kai shi asibiti Sakkwato, shi zai raka shi.

Ta sallame shi zaure, ta matso kusa da ni.

"Hoto na gani. Yanzu bakinki nika so. Ɗanki lahiya lau yake?"

Zauren ba nisa, na san yana ji. Na dubi kwanon kifi na ce, "Lahiya lau yake. Bai taɓa min ƙarya ba, bai taɓa ɗaga min murya ba. Kunnen ƙashi dai, akwai."

"Wannan jikata ta hi shi. Ki turo mazanku masu haƙuri ranar Juma'a a sa rana."

Ta cika mana kwando da busasshen kifi. A mota yaron ya yi ta murmushi shi kaɗai yana satar kallona, na ce ya rufe bakinsa kada mutanen mota su ma su fara zato.