Ranar da Mai Raba Karta Ya Kife a Kan Tebur

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina aikin jinya a Ingila. Wasu na manta su, wasu ma roƙon Allah na yi ya mantar da ni. Amma yinin da na yi a wajen gasar karta a Birmingham, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Yanzu ma da na zauna rubutawa sai da na tashi na sha ruwa, don har yau idan na tuna zuciyata tafasa take yi.

A lokacin muna zaune a unguwar Gorton, ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a Manchester. Ranakun hutuna kuma wani kamfani yakan tura ni wuraren taro in zauna da jakar agajin farko, ko wani zai yanke jiki ya faɗi. Ranar suka ce Birmingham za ni, wani babban otal, gasar poka, wato kartar caca irin ta Turawa. Maigidana ya samu abin tsokana. "Hajiya guda a gidan caca? To in kin ciyo ki tuna da mu." Na ce masa ni ciwo zan je jira, ba karta ba. Zuciyata dai ba ta kwanta da wurin ba, amma ba zan ɓoye ba, akwai son gani. Abokan aikina sun cika min kunne da labarin manyan 'yan wasan nan, wai su dubi jijiyar wuyanka kawai su san abin da ka riƙe a hannu.

Na shiga zauren na tarar da tebura sun fi ƙarfin ƙirge, kowanne da mutum tara da mai raba musu karta. Ba hayaniya, sai ƙarar 'yan faifayen robar da suke wasa da su a madadin kuɗi, kowa yana murza nasa a yatsu, kamar ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Can tsakiya aka kewaye tebur ɗaya da fitilu da kyamarori, nan ake zaunar da shahararrun. Na ƙare musu kallo. Wani ya rufa da hular rigar sanyi har goshi, wata mata ta toshe kunnuwanta tana taunar cingam, wani ana yi masa tausa yana wasa ko juyowa bai yi ya ga mai tausar ba. Wanda aka fi yi wa layi don ɗaukar hoto kuwa wani dogo ne mai baƙin tabarau, a cikin ɗaki, da rana tsaka. Na ce a raina, to su ke nan manyan?

Da aka tafi hutun cin abinci ina ɗakin ma'aikata sai na ji Hausa a bayana. Wani dattijo ne cikin baƙar falmaran ta masu raba karta, yana waya da Hausarsa ta zangon Kumasi. Da ya gama na gaishe shi, "Baba, ina wuni?" Sai da ya kusa sakin wayar. Ya ce a unguwar Sparkbrook ta nan Birmingham yake zaune, kusa da Stratford Road, ya kuma ce ba son aikin yake ba. "Ɗiyata, shekara ɗaya ta rage ƙaramar 'yata ta gama jami'a. Tana gamawa na wanke hannuna, sai masallaci." Ya raba min dabinon da ke aljihunsa, ya yi dariya ya ce yau shi za a kai teburin manya, in leƙo in ga yadda tsoho ke aiki. Lafiyarsa ƙalau na rabu da shi.

Wajen ƙarfe uku na ji ihun wata mai kai shayi. Na sungumi jakata da na'urar farfaɗo da zuciya, na ratsa tebura da gudu. Baba ne. Ya kife a kan teburin manya, fuskarsa a cikin tarin faifayen, kartar da ke hannunsa ta watse.

Abin da idona ya fara gani shi ne hannaye. Mutum tara, hannu goma sha takwas, kowanne ya dafe kartarsa ko ya kewaye faifayensa kada su gauraya da na wani. Ko ɗaya bai miƙu wajen Baba ba. Suna ta kiran shugaban zaure kuwa, na ɗauka taimako suke nema, ashe hukunci suke so ya yanke a kan zagayen da ya katse.

Na taɓa wuyansa, babu bugu. Dole a sauke shi ƙasa a danna ƙirji, kujeru kuma sun tare wurin. Na ce su tashi. Wasu suka ja baya kaɗan ba tare da sun ɗaga ba. Mai baƙin tabarau, wanda ke dab da Baba, ko gezau. Ya ce min cikin natsuwa, "Ba zan iya barin kujerata ba sai an yanke hukunci. In na tashi kartata ta mutu." Haka dokarsu take, wanda ya bar wurinsa ana cikin zagaye ya yi asarar abin da ya riƙe. Na ce, "Mutum ne yake mutuwa." Ban jira amsarsa ba, na kama kujerar da shi a kai na fizge ta gefe. Har yau ban san inda na samu ƙarfin ba. Wani mai gadi ya kama min muka kwantar da Baba.

Na danna, na danna, na'ura ta buga masa lantarki sau biyu. Gumi yana zuba min a ido, ina kiran sunan Allah a fili ban damu da kyamara ba. Duk tsawon lokacin nan ƙarar ɓarar gyaɗar ba ta tsaya ba, sauran teburan wasansu suke yi. A karo na uku zuciyar ta dawo, da ƙyar. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Kafin in gama tattara kayana an goge tebur, an kawo wani mai rabawa, an ci gaba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ruɗewa ce, don na sha ganin mutane suna daskarewa a gaban mutuwa, ba na kuma zarginsu. To ba a nan ya tsaya ba.

A hutu na gaba ina zaune a baranda, sai ga mai baƙin tabarau da kofi, matar mai cingam tana biye da shi. Ya yaba min, ya ce na iya aikina. Sannan ya sunkuyo kamar mai ba ni kyauta ya ce, "Kin san tun da ya zauna na gane." Na ce ya gane me? Ya shiga lissafo min da yatsu: gumi a saman leɓe alhali zauren da sanyi, yana murza hannun hagu tsakanin zagaye, yana shafa muƙamuƙi, numfashinsa ya gajarce, fatarsa ta koma toka-toka. Wallahi ɗalibin likita ba zai jero alamun ciwon zuciya haka daidai ba. Na tambaye shi tsawon wane lokaci. Ya ce, "Minti ashirin da biyar, ko fiye." Matar ta cire abin kunnenta ta ce ai ita ta riga shi gani, tun kartar farko da ya raba. Suka tsaya a gabana suna musun wanda ya fara lura.

Na ce, "Ina zaune taku arba'in daga teburinku da jakata. Me ya hana ku magana?"

Ya ɗaga kafaɗa. "A tebur ba a faɗin abin da aka gani. In sauran suka san irin abin da nake lura da shi, na ba su makami ke nan." Ko kunya babu a muryarsa, bayani yake min kamar yadda ake yi wa baƙo bayanin hanya.

Na wanke shi tas. Turancina ya ƙare na koma Hausa, ya ji ko bai ji ba. Na ce ya cire tabaran nan ya dube ni, bai cire ba. Suka kai ƙarata wai na ci mutuncin babban baƙo na kuma taɓa kujerarsa. Kamfanin bai sake kirana ba, ni ma ban neme su ba.

Baba kwana uku ya yi, bai farfaɗo ba, Allah ya karɓi abinsa. Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yarda. Amma aikina ne, na san bambancin wanda aka kai asibiti yana riƙe da ƙirji yana magana da wanda aka kai bayan zuciyarsa ta tsaya. Minti ashirin da biyar ba ƙaramin lokaci ba ne a wurinmu.

Na hau jirgin ƙasa na je Sparkbrook ta'aziyya. Gidan cike da mata, ƙaramar 'yar tana raba ruwa idanunta sun kumbura. Da aka gaya wa matarsa ko ni wace ce, ta riƙe hannuna biyu ta yi ta sa min albarka. Sannan ta ce, "Ɗiyata, haka kawai ya faɗi? Duk mutanen nan, ba wanda ya lura ba shi da lafiya?" Na ce, "Mama, sai haƙuri." Nauyin wannan amsar har yau ina ɗauke da shi.

Abin da ranar ta koya min shi ne kaifin ido ba komai ba ne idan bakin mai shi a rufe yake. Tun daga nan na zama mai shisshigi, kuma ban damu ba. A bas, a kasuwar Gorton, a layin biyan kuɗi, in na ga mutum yana gumi yana murza hannu, sai na tare shi na ce, "Lafiya kuwa?" 'Ya'yana su yi ta jan mayafina wai ina ba su kunya. Sau tari a harare ni a ce lafiya lau, in ce alhamdulillahi in wuce. Gara a harare ni sau dubu da wata mata ta sake yi min tambayar nan in rasa amsa.