Wayar da Turai Ta Sayar da Awaki Ta Saya

A ƙauyensu da ke gefen Kunci, ba wanda bai san Turai mai ƙuli-ƙuli ba. Shekara talatin tana abu guda: ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai har kafaɗunta su yi tsami. Yanzu gwiwa ta fara gardama, idan ta zauna a kujerar tsugunno sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma son a tausaya mata.

'Ya'yanta biyar, amma na farin ne ya hana ta sukuni. Abdulhadi ya tafi Aljeriya aikin gini shekara shida da suka wuce. Turai ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, don ɗan fari ne, kuma ita irin matan da ne masu riƙe kunya da gaske. Tun yana yaro ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Da ya tafi sai ya zama "mutumin Aljeriya" a bakinta. Yakan kira ƙaramar wayar ƙanwarsa Aina'u, wadda ke aure a bayan gidansu, a miƙa wa Turai ta ce "lafiya lau" sau uku ta mayar. Muryar tana zuwa, amma fuskar ta fara ɓace mata, kuma wannan ne abin da ke cin ta a rai.

Da ta ji an ce akwai babbar waya da ake ganin mutum yana magana, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa aka kai awakinta biyu kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, waɗanda ta yi shekara biyu tana yi wa yankan ciyawa. Daga kara, inda aka sayar da awakin, ita da Aina'u suka wuce shagon wayoyi.

Mai shagon, wani Kamaruddeen mai zaƙin baki, ya fito da wata mai kyalli.

"Inna, wannan ba sai kin biya duka ba. Kaɗan-kaɗan duk mako."

"In mako ya zo ban da shi fa?"

"Sai kamfani ya rufe ta daga can, har ki biya."

Turai ta tura masa ita. "Abin da wani zai rufe mini daga nesa ba nawa ba ne. Ba ni wadda zan biya yau in tafi da abata."

Ya ba ta wata mai sauƙi, ta kwance bakin zane ta biya. A mota ta rungume kwalin kamar mai ɗauke da ƙwai. Idan an tambaye ta sai ta ce saboda masu sayen mai ta saya, alhali duk masu sayen man nata da ƙafa suke zuwa.

Ranar Juma'a kaɗai Abdulhadi ke samun hutu ya shiga gari inda ake samun sabis. Aina'u ta aika masa sabuwar lambar, aka tsayar da bayan la'asar. Sai dai labari ya riga ya zaga ƙauye. Kafin lokaci ya yi tsakar gida ta cika: maƙwabta, surukai, har da matar liman. Turai ta zauna a tabarma da sabon mayafi.

Wayar ta yi ƙara. Aina'u ta taɓa ta ɗora mata a hannu.

"Inna, ina wuni?"

Ido sama da ashirin na kanta. Shekara shida take jiran wannan lokaci, amma ta kasa kallon wayar. Ta kawar da kai gefe, ta ja mayafi, hannunta ya karkatar da wayar sama.

"Lafiya lau," ta ce wa bango.

"Inna, ba na ganin ki. Rumfa nake gani."

Matan suka yi dariya, suna yaba mata, wai Turai har yau kunyar ɗan fari. Ta miƙa wa matar liman wayar. Daga nan wayar ta bi hannu-hannu, kowa na gaisawa, kowa na ganinsa. Ana cikin haka ya ce gobe za a kwashe su zuwa wani aiki cikin sahara, wata huɗu babu sabis. Kafin wayar ta zagayo wurin Turai kiran ya yanke, kuma bai sake shigowa ba.

Da kowa ya watse, Turai tana tattara tabarma ta tambayi Aina'u ba tare da ta ɗago ba.

"Ya rame?"

"Ya rame kaɗan. Har furfura ya fara a gemu."

Turai ta ci gaba da naɗe tabarmar. Haushin kanta ya kama ta, ga wata gajiya da ta fi ta matsar mai. Kowa a ƙauyen ya ga furfurar ɗanta, ban da ita da ta sayar da awaki.

Washegari da hantsi ta sa Aina'u ta nuna mata inda ake dannawa a aika murya. Ta ɗauki wayar ta fita bayan gari ita kaɗai, ta shiga gonar gero inda ba mai ganin ta. Ta danna da babban yatsa mai ƙanshin gyaɗa.

"Ni ce. Muna lafiya. Ka riƙa cin abinci."

Ta ɗage yatsan, saƙon ya tafi inda zai jira wata huɗu. Ta daɗe a tsaye tana kallon baƙin gilashin. Sannan a hankali, ba kowa sai karan gero, ta ce, "Abdulhadi."