Haƙorin da na manna a bango

Shekarar da maigidana ya samu aikin direba a wata ƙungiyar agaji, ya shigo gida da takardu biyu. Ɗaya karti ne mai tauri, da hotunanmu mu uku: shi, ni, da ɗiyarmu. Ɗayar kuwa doguwa ce, an zana haƙori yana murmushi a samanta. Yana ɗaura takalmi zai tafi sansanin Sayam yana yi mini bayani, ni kuma hankalina na kan tukunya. Abin da na kama kawai, asirans ce, ta biyan kuɗin magani, in ciwo ya zo a nuna a gidan likita.

Karatuna bai wuce aji uku ba a Geskeru, Faransanci kuwa sai gaisuwa. Kartin na naɗe a ƙyalle na sa ƙasan akwati. Takardar haƙorin na ɗauka tallar man goge baki ce. Ta yi mini kyau, sai na dama ƙullu na manna ta a bango kusa da madubi. Ɗiyata kullum sai ta gaishe ta. Maigida, da ba ya duban madubi, bai taɓa lura ba.

Yarinyar tana shekara huɗu lokacin. Wani dattijo Badamagare mai shago a bakin layinmu ba ya barin ta wuce sai ya damƙa mata alawa, yana ce mata amaryarsa. Wata safiya ta tashi kumatu ya kumbura, jiki zafi rau. Ni dama ko tari ta yi sai in kasa cin abinci. Na kira babanta, waya ba ta shiga. Na goya ta, na zaro karti, muka hau adaidaita.

Likitan ya duba karti, ya duba baki, aka ba mu magani ba gardama. Sannan ya ce, "Uwar ɗiya, zazzaɓi da kumburi nawa ne, kartin nan ya ɗauke su. Amma tushen abin haƙori ne da ya ruɓe. In kumburin ya sauka, sai wajen mai haƙori. Can kartin nan ba ya aiki."

Na ce, "Likita, shi haƙorin ba a jikinta yake ba?"

Ya yi dariya, ya rubuta 'yar takarda ya ce in kai can. Kunya ta hana ni ƙara tambaya.

Na dawo gida na yanke shawara: wanzami zai cire haƙorin. Haka innata ta yi mini, kuma har yau ina jin sanyin ƙarfensa a dasashina. Ban so yarinyata ta shiga hannunsa ba, amma ban ga wata hanya ba.

Maƙwabciyata, wata 'yar Barno da rikici ya koro, ta girme ni, mijinta ma ya taɓa yin irin aikin maigidana. Ta leƙo duba mu, na faɗa mata.

"Wanzami? Ke ƙanwata, kanki ɗaya? Ba su ba ku ta haƙori ba? Ai biyu suke bayarwa. Ta jiki, kina nunawa a duba ki nan take. Ta haƙori kuwa sai an kai biro, ofishin ƙungiyar, an buga hatimi tukuna."

Na ce ɗaya aka ba mu. Tana gyara ɗankwali a madubina, sai na ga hannunta ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Yaya."

Ta zauna bakin gado tana dariya har da hawaye. "Adonki kenan zai cire haƙorin!"

Mun fi awa muna jiƙa gefen takardar da tsumma, tana ɗagawa da bakin wuƙa, ni ina ta "a hankali, Yaya". Takardar ta fito da ɓawon bango a bayanta. Bayan kwana huɗu kumburi ya sauka, na kai takardar biro. Mai hatimin ya juya ta, ya kankare ƙasa da farce, ya dube ni. Ya haɗa ta da takardar likita ya buga.

Mai haƙorin ya karanta abin da likita ya rubuta, ya ce madalla da aka fara kashe kumburin, in ba haka ba da bai taɓa yarinyar ba. Ya yi mata allura ƙarama. Ni na runtse ido, ita kuwa fitila take kallo. Kafin in gama addu'a ya miƙo mini haƙorin a auduga.

Da maigida ya dawo, ya daɗe tsaye gaban tabon da ke bango. Ya ce, "Kartin dai, Allah ya sa ba ki yi mafici da shi ba."

Ban shafe tabon ba. Dattijon shago kuma ya koma ba amaryarsa gyaɗa.