Yadda na gasa wuyana da dutsen niƙa

Ni dai karatuna bai wuce aji biyu na firamare ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Amma akwai Asabar ɗin da na zama likita, kuma har yau tabon yana wuyana.

Wani kumburi ne ya fito mini a ƙarƙashin kunne. Da aka gaji da shafe-shafe a ƙauyenmu na wajen Kunci, aka kai ni asibiti a birni, suka ce ciwon daji ne. Sai da na yi wata uku ina jiran layi kafin na samu gurbi a na'urar da ke harba wa ciwon wani haske da ido ba ya gani. Litinin zuwa Juma'a nake kwana gidan ƙanena a unguwar Bacirawa, Asabar da Lahadi in koma gida.

Likitan yaro ne, jikana ma zai yi, ga haƙuri da surutuna. Ran wata Juma'a na ce masa, "Likita, wannan abin naku ko ɗumi ba na ji. Anya yana aiki?"

Ya yi dariya. Ya ce hasken yana raunata ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama kumburin, amma wasunsu kan gyara kansu su farfaɗo. Ya ce a wasu ƙasashe akwai na'urar da ke ɗumama kumburin tukuna, domin ƙwayar da ta sha zafi ba ta iya gyara kanta.

Na ce, "Ashe noma ne! Ciyawar da ka nome da rana tsaka ta mutu ke nan, wadda ka nome da hadari kuwa gobe ta miƙe."

Ya ce, "Baba, wallahi ka fi ɗalibaina ganewa."

Wannan yabon shi ya kashe ni. Ya ci gaba da wani bayani, amma ni tuni kunnena ya tafi gida.

Washegari da hantsi, mai ɗakina ta tafi suna maƙwabta. Na ɗauko ɗan dutsen niƙanta, na tura shi cikin garwashin murhu, na naɗe a tsumma, na danna a wuya. Da ya yi zafi sai in ce, haka ciyawa take ji. Na maimaita sau uku. A na huɗu dutsen ya tsage, ita kuma ta yi sallama.

"Malam, me nake gani? Ƙauri nake ji tun daga zaure, na zaci akuya ce ta faɗa wuta!"

"Ke ba ki san aikin asibiti ba."

"To, likita. Dutsen da na gada wurin innata ka yi wa aikin?"

Ran Litinin fatar ta tashi ruɗu-ruɗu. Likita ya ɗaga rawanina ya ga ƙunar, na faɗa masa abin da na yi. Sannan ya ce ɗumin da yake nufi kaɗan ya ɗara zazzaɓi, kuma na'ura ce ke auna shi can cikin tsoka. Nawa dutsen fata kawai ya dafa, kuma lafiyayyar fata ma in ta sha zafi hasken ya fi cin ta. Ba zai harba a kan ƙuna ba. Sai ta warke, gurbina kuma za a ba wani.

Nan wasa ya fita daga kaina. Kwana goma sha biyu ina zaune a gida, ina shafa kumburin ina jin kamar ana yi wa ciyawa ruwa. Mai ɗakina ba ta ƙara yi mini gori ba, ita ke wanke ƙunar safe da yamma.

Allah ya taimake ni, wani ya gama nasa, aka kira ni. Wannan karon tare muka je. Ta ce wa likita, "Ɗana, duk abin da za ka faɗa, ni za ka faɗa wa. Shi kuma kada ka sake yaba masa."

Na ƙarasa zuwana, kumburin ya sace, har yanzu ina komawa a duba ni. Dutsen kuwa ta ƙi yar da shi. Yana nan bakin ƙofar ɗakinta, ɓari biyu, kuma duk baƙon da ya zo gaishe ni sai ta fara nuna masa kayan aikina.