Gaton Aya da Kirfa a Sallar Bazaga

Ɗiyata ta fari ba ta daɗe da shiga makarantar lakwal ba lokacin da lokotoro ya hana mata hatsi. Cikinta kullum a kumbure, zawo ba ya tsayawa, ga ƙuraje da take sosawa har jini. Ya ce a tsayar da gero da dawa da masara da shinkafa da alkama gaba ɗaya, in ciki ya lafa a riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya, a gane mai laifin. Na dube shi kamar ya ce a raba kifi da ruwa. Mu nan Ƙonni da hura muke buɗe ido, da tuwo muke rufe shi.

Amma na bi. Wake, dankali, rogo, ƙwai da nono suka zama abincinta. Ciki ya sace, fata ta yi kyau. Sai dai ga sallah ta matso, kuma na san yara za su cika hannu da cincin da dubulan, ita tana kallo.

Sai na ce bari in yi mata gato, wato kek, wanda ba hatsi a ciki. Na sayo aya a kasuwa, na sayo kirfa wurin mai kayan shayi. Na soya ayar sama-sama, na daka, na tankaɗe har kafaɗuna suka ƙage. Ba ni da tanderu. Rairai na zuba a gindin babbar tukunya, na aza faranti, na rufe, na tula garwashi bisa marfin. Na farko ya wargaje kamar ƙasar bakin gulbi. Na biyu ya ƙone. Da na ƙara garin rogo da ƙwai da man shanu, na kwaɓa da dakakken dabino, sai ya kama jikinsa. Ƙamshin kirfa ya cika gida. Ta gutsura, ta ɗago kai ta ce, "Inna, wanga nawa ne ni kaɗai?" Na ce nata ne.

Kwano guda na cika muka tafi da shi Bazaga, gidan su maigidana, inda muke sallah kowace shekara. Da isarmu na yi wa yayarsa bayani, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Na ce yarinya ba ta cin komai na hatsi, ga nata a kwano. Ta yi dariya ta ce, "To, matar ƙanena, mun ji."

Ranar sallah ina bayan gida wurin tukwane tare da sauran mata. Da na fito, sai na tarar da kwanon a tsakiyar tabarmar baƙi, a buɗe, mata na ta yabawa, saura ɓurɓushi. Ɗiyata tana gefen rumbu, ludayin hura a hannu, cincin cike da bakin zanenta.

Na fizge ludayin. Na ce, "Wa ya ba ki?"

Gwaggo ce ta amsa daga bisa tabarma. "Ni na ba ta. Mi ya faru? Geron gonar kakanta ne zai kashe ta?"

"Gwaggo, ban gaya miki ba?"

"Kin gaya mini zancen lokotoro. Mu da hura aka raine mu, ga mu nan. Yunwa kike yi wa yarinya horo da ita. Kuma ke ko kunya ba ki ji, kina rawar jiki bisa ɗiyar fari gaban mutane?"

Matan suka yi ƙasa da kai, wasu na murmushi, bakinsu na ƙamshin kirfata. Na juya ga Gwaggo. Na ce, "Lokacin da take kwana tana murɗawa, kunyar ce ke wanke mata zane? Kin taɓa zuwa kin riƙe ta ko sau ɗaya?" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na ɗauki kwanon na kife a gabanta.

Maigida ya shigo da gudu. Bai tambayi abin da yarinya ta ci ba. Ni ya fuskanta ya ce, "Ki yi haƙuri, yau sallah ce, kuma yayata ce." Wannan haƙurin ya fi maganar Gwaggo ƙona mini rai.

Kafin la'asar ciki ya fara. Ta duƙe bayan rumbu tana kuka, kayan sallarta sun ɓaci. Na goya ta, ƙatuwa da ita, ƙafafunta na dukan cinyoyina, na fita bakin hanya na tsayar da mai babur. Ban yi wa kowa sallama ba. Kwanaki ta yi ba ta je lakwal ba, ƙurajen suka dawo sabbi. Ba wanda ya zo daga Bazaga ya duba ta. Saƙo dai aka aiko, wai ana jiran in je in ba Gwaggo haƙuri. Ban je ba.

Bayan watanni lokotoro ya fara maido mata da hatsin. Gero ya zauna lafiya, dawa ma haka, da shinkafa. Alkama ce ta tayar da ciwon, har yau ba ta taɓa ta. Wato cincin ne ya kwantar da ita ran sallah.

Da labari ya kai Bazaga, rabinsa kawai Gwaggo ta ɗauka. A wurin wani suna muka haɗu, ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Ba na ce gero ba ya cutar jininmu ba?" Mata suka gyaɗa kai. Na buɗe baki zan ambaci alkama, sai na ga ba mai son ji. Na ja hannun ɗiyata muka koma can ƙarshen tabarma, nan muka zauna har aka watse.