Littafin Famfon Baba Mai Rediyo

"To, in famfona ne ke zana muku wannan abin, ai sai ku ba shi digirin," in ji Baba Mai Rediyo, yana goge baƙin mai daga hannunsa.

Ɗalibar ba ta yi dariya ba. Tana zaune gaban kwamfuta, idonta ya yi ja. Farfesa na bakin ƙofa, har ya rataya jaka.

"Ba wasa ba ne, Baba," in ji Farfesa. "Ɗan tudun nan da ke fitowa a zanenta, ita ta ce girgijen iskar haidurojin ne. Ni na ce ƙarar injin famfo ce ke shiga na'ura. Jibi za ta kare aikin digirinta. In babu hujja, a cire babin, ta ƙara shekara."

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa, har wayar hannu ta zo ta ƙwace masa masu kawo gyara. Daga nan ya samu aiki a wannan tashar binciken sararin sama: shara, zuba mai a haƙoran da ke juya ƙaton kwanon ƙarfen da ke sauraren sama, korar tsuntsaye, kunna famfo. Karatunsa bai wuce firamare ba. Amma ranar da ya tambayi ɗalibar me kwanon ke saurara, ta zauna ta yi masa bayani. Ta ce akwai gizagizan iska can gefen tarin taurarin da muke ciki, suna gudun sama da kilomita ɗari a daƙiƙa. Iskar tana fitar da wata siririyar murya irin ta rediyo, gudun kuma kan gusar da muryar daga inda aka saba jin ta.

"Ashe tasha ce ta goce daga lambarta," ya ce a ranar. Tun daga nan yake kiran girgijen "baƙonki".

Yanzu sai ya zaro wani littafi daga aljihu, duk ya sha mai. Al'adarsa ce tun a rumfa: abin da ya taɓa, sai ya rubuta.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Watan jiya na lura 'yata, ɗalibar nan, takan matso da kujera jikin allo da ƙarfe huɗu. Na ce bari in kashe mata famfo, kada ya dame ta. Bayan mako sai na ga ta riga ni. Ashe baƙon nata kullum sai ya yi sammakon minti huɗu. Nima na riƙa bin sa. Yau ƙarfe biyu ya zo."

"Na ga lokacin na gusawa," in ji Farfesa, "amma ai famfon ma ba shi da tsayayyen lokaci."

"Yana da shi. Ga shi a rubuce."

Farfesa ya sauke jakar. Ya aza littafin gefen kwamfuta, yana bin layi da yatsa, ɗalibar na karanto masa lokutanta. Kwana talatin da ɗaya. Kullum famfo a kashe yake kafin tudun ya fito, ba ya tashi sai tudun ya wuce. Minti huɗun nan kuwa agogon taurari ne, sammakon da duk abin da ke can sama kan yi kullum, babu injin da ke bin sa.

"Bar babin," in ji Farfesa a hankali. "Ki ɗauki hoton kowane shafi."

Ɗalibar ta juyo. "Baba, dama shi ya sa ruwa ke yankewa da rana? Mutanen ofis suna ta cewa barci kake yi!"

"Har da mai shayi, wai tsufa ya kama ni."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ke da kike sauraren sama, in zo miki da zancen famfo?" Ya miƙa mata littafin. "Ki dawo min da shi kafin gobe, 'yata. Kada ki yi dariyar rubutun, hannun sukundireba ne."

Ya leƙa ta taga. Wata tattabara ta sake sauka a bakin kwanon, da tsinke a baki.

"Kun ga waccan? Ita ma bincike take so."

Ya saɓa tsani a kafaɗa, ya nufi kwanon.